Igiyar da Gwaggo Ta Bari

Gwaggo ta rasu saura kwana uku kasuwar Matameye ta ci. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya shigo yi mana gaisuwa sai da ya ƙirga kwanakin nan a ransa, sannan ya saci kallona. Ni ma na ƙirga, tun kafin a rufe mata ido.

Mun zaci zaman makokin ba zai tara mutane ba. Tsohuwa ce marar ɗa, Kirista a garin da Kiristocinsa gida uku ne, kuma tsohuwar mai dafa giya. Sai ga tsakar gidan ya cika har mata suna zama a kan turame. Malamin unguwarmu ya zo, ya tsaya a bakin zaure yana juya carbi, ya rasa irin gaisuwar da zai yi. Can ya ce, "Allah Ya ba ku haƙuri. Matar nan ta sha rage mini aiki." Ya juya ya tafi.

Wadda ta fi kowa kuka ita ce matar da ke dafa giya yanzu a bayan gari, kan hanyar Ɗan Barto. Ta shigo da mayafi a fuska, ta zube gaban mata tana cewa, "Ɗaya bayan ɗaya ta kwashe mini mutane, amma ko sau ɗaya ba ta wuce ni ba ta gaishe ni ba. Da ɗana ya yi ƙyanda ita ta kawo mini kunu." Wasu matan suka tsuke baki, wasu suka taya ta kukan.

Babana, wanda shi ne ƙanen Gwaggo, ya shekara fiye da ashirin bai ci abincin gidanta ba. Ranar ya zauna a ƙofar ɗakinta tun hantsi har la'asar, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Da na durƙusa zan ba shi ruwa, ya riƙe wuyan hannuna ya ce a hankali, "To yanzu kai wa zai riƙe ka?" Na miƙa masa ruwan. Matata tana gefe tana jinmu. Tafin hannuna kawai ta kalla.

Bari in faɗi dalili, don wanda bai san ni ba. Ni mashayi ne. Rabona da kai ƙwaryar giya baki shekara tara, amma ban ce na warke ba, don Gwaggo ta hana mu faɗin haka. Ina saurayi Nasaran Faransa suka ɗebe ni soja, suka kai mu har bakin teku. Na dawo bayan shekara uku da takalmi, da bargo, da wata ƙishirwa da ruwan rijiya ba ya kashewa. Takalmin ya mutu, bargon na sayar, ƙishirwar ce ta zauna. Babana ya gwada dukana, ya gwada rubutu, ya sa ni rantsuwa gaban malam. Na yi rantsuwar da zuciya ɗaya, hawaye shaɓe-shaɓe, kuma ranar kasuwa ta gaba a gindin tsamiya aka tsince ni, jakina ya koma gida shi kaɗai.

Ita kuwa Gwaggo, a gidan giya ta girma. Kakanninmu arna ne na wajen Dungu. Babana ya musulunta ya dawo gari, ita aka yi mata aure a can, ta gaji tukwane uku daga uwar mijinta, manya, kowace sai mutum biyu sun kama. An ce a zamaninta mutane daga tsallaken iyaka suke takowa don giyarta. Mijinta kuma shi ne babban mai ɗanɗano. Da cikinsa ya kumbura, ta ɗora shi a kan jaki ta kai shi Damagaram, inda wasu Nasara masu bishara suka fara ba da magani a lokacin. Bai dawo ba. Ita ta yi wata biyu a can wajen wata mata Bahaushiya da ke yi musu wanki, wadda ta riƙa zama da ita tana ba ta labarin Yesu Almasihu. Gwaggo ta ce abin da ya kama ta guda ne: ta tambayi matar ko akwai gafara ga wadda ta dafa abin da ya kashe mijinta, matar ta ce akwai, ba ta ko yi jinkiri ba.

Da ta dawo ta zuba wa kaji tsiron hatsin giya da ta bari, ta ɗora tukwanenta a kan jakai ta zo Matameye kusa da ƙanenta. Shi ko bai yi murna ba. Ya ce ta bar ɓata ɗaya ta shiga wata. Ta ce masa, "To, ƙanena, ai ka ga dai na matso." Daga nan ya daina cin tuwonta, ita kuma ba ta daina aika masa ba. Mu muka riƙa cinyewa.

Tukwanen nan sun jawo mata rigima da mai bishara, wani ɗan ƙasarmu da aka turo ya riƙa karanta musu Littafi ranar Lahadi. Mutumin kirki ne, amma mai zafin kai a lokacin. Ya ce ta fito da su tsakiyar kasuwa ta farfasa a gaban jama'a, kowa ya shaida ta tuba. Ta ce, "Tukunya me ta yi? Ni na yi. Ni ma ba a fasa ni ba, wanke ni aka yi." Ya yi fushi ya daina shiga gidanta har damina ta wuce. Ta wanke tukwanenta da toka, ta kife biyu a bayan ɗaki, ta fara dama kunun tsamiya a ta ukun.

Ta san abin da malamai da mai bishara duk ba su sani ba, domin ta yi shekaru tana kallon mashaya daga bayan tukunya. Ta san ba kullum abin ke kayar da mutum ba. Ranar kasuwa ce, daga azahar zuwa faɗuwar rana, lokacin da mutum ya sayar da gyaɗarsa, abokai suka taru, ƙafa ta san hanya. Saboda haka ta ce ƙofarta a buɗe take a daidai wannan lokacin. Duk mai so ya zo ya sha kunu a tukunyar da ya sani, da ƙwaryar da ya sani. Sharaɗi ɗaya ne: zai zauna ya tufka igiya har rana ta faɗi.

Ni matata ce silar zuwana. Ranar da na sayar da irin geron da za mu shuka, ta ɗaure kayanta, ta goya 'yarmu ta kama hanyar Yauri, ƙauyensu da ke nan kusa. Gwaggo ta tare ta a bakin rijiya ta ce, "'Yata, ara mini kasuwa ɗaya. In bai zo ba, ni zan raka ki." Ta dawo. Ni kuwa na je ne don kunya, ina cika ina batsewa. Na tarar da maza biyar zaune a inuwa, kowa ya take bakin igiya da babban yatsan ƙafa yana murza rama a tafin hannu. Akwai mahauci, akwai wani tsohon gardin kumandan, ɗan sandan Nasara, wanda a da in ya wuce muke sunkuyar da kai. Na ce mata, "Gwaggo, tufka ai aikin tsofaffi ne da makafi." Ta ce, "Kai da ido biyu ina ka kai kanka? Zauna."

Hannuna rawa yake yi, ramar tana kufce mini. Abin da na tufka ranar ko akuya ba za ta ɗauru da shi ba, wani wuri kauri wani wuri kamar zare. Amma ban ankara ba sai na ji ladan yana kiran magariba. Na kalli tafin hannuna ya yi ja jawur yana zafi. Tun dawowata daga soja, ranar ce kasuwa ta farko da ta watse ina kan ƙafafuna. Da na isa gida matata ba ta shinshina bakina ba kamar yadda ta saba. Ta kama hannuna ta buɗe, ta duba, ta je ta zuba mini tuwo. Tun daga ranar haka take yi duk kasuwa.

Ga yadda zaman yake. In an sha kunu, hannu ya kama aiki, sai Gwaggo ta bi mu ɗaya ɗaya: "Yaya kwanakin nan?" Ba ta karɓar "lafiya lau". In ka ce haka sai ta ɗauki igiyarka ta bi ta da yatsa ta ce, "Nan wurin ba lafiya ba ne. Me ya faru?" Ƙarya ba ta yiwuwa, don hannun da ya sha ko ya kwana da damuwa, murɗinsa daban yake fita. A wurin na ji ƙattin maza suna faɗin abin da ba su taɓa faɗa wa iyayensu ba. Ni ma a wurin na faɗi abin da na gani a soja. Ba a dariya, kuma ba a fitar da magana waje. Mahauci ya taɓa kai zancen wani kasuwa, ta hana shi kunu kasuwa biyu, amma ba ta hana shi zama ba.

Daga nan sai labari. Ba ta iya karatu ba, da kunne ta ɗauki Littafinta, kuma duk labarin da ta bayar sai ta mai da shi ɗan Matameye. In tana zancen makiyayin da ya bar garke ya bi tunkiya guda, har kwarin da tunkiyar ta faɗa sai ta nuna maka, can bayan gonar wane. Wanda ta fi so shi ne na almajirin Yesu da ya yi rantsuwa ba zai gudu ba, ya kuma gudu tun kafin gari ya waye, amma ubangidansa ya neme shi ya ba shi abinci ya mai da shi bakin aiki. In ta kai nan sai ta kalle ni ta ce, "Ka ga ba kai ka fara karya rantsuwa ba, kada ka yi girman kai da ita." A ƙarshe ta rufe ido ta yi addu'a da sunan Yesu, ta ambaci kowa da sunansa da sunan matarsa, ta roƙa mana ƙarfin kasuwa guda. Ba ta roƙon shekara. Takan ce, "Ban ce ka bari har abada ba, abada ta fi ƙarfinka. Ka kai mini magariba."

Ni Musulmi ne, yawancinmu ma haka, kuma ba ta taɓa ɓoye mana fatanta ba. Ta sha ce mini, "Ina roƙa maka ka san Shi yadda na san Shi." Biyu daga cikinmu sun bi ta, ana ganinsu ranar Lahadi. Ni ban bi ba, ƙwaryata kuma ba ta ragu ba. In la'asar ta yi ita ce mai korarmu: "Ku tashi ku yi sallarku, kada malam ya ce na cinye masa mutane." Shi kuwa malam, in an kawo masa wanda rubutu ya kasa, yakan yi ƙasa da murya ya ce, "Ku gwada kai shi wajen tsohuwar nan mai kunu. Kada ku ce ni na ce."

Tana da wata magana da muke ɗauka ta lallashi ce. Takan ce, "Ni ma ɗaya ce a cikinku." Mu ce, "Haba Gwaggo, ke dafawa kika yi, mu muka sha." Sai ta yi murmushi ta ci gaba da juya kunu.

Faɗa ɗaya muka yi da ita, kuma ni ne marar gaskiya. Na shekara biyu ina tufka, igiyata ta yi kyau har ana yabawa, sai na ga na isa. Wani abokin sojana ya sauka a garin, na ce ƙwarya ɗaya don tsohuwar zuma ba za ta yi komai ba. Kwana huɗu na yi a bayan gari. Matata ta tafi Yauri da yara, wannan karon ba wanda ya tare ta. Kunya ta hana ni komawa gidan Gwaggo, kasuwa biyu ina zagaye ƙofarta. Ta uku ina zaune a mashaya da rana tsaka, sai na ga mutane suna ɓoye ƙore a bayansu. Gwaggo ce, da igiyata a naɗe a kai kamar gammo. Ta gaida mai giya, ta tambayi yaranta, ta zauna kusa da ni a ƙasa ta ajiye igiyar a cinyata.

Na daka mata tsawa a gaban mutane. Na ce, "Ki ƙyale ni! Ke kika fara shayar da garin nan, yanzu kin zo kina mana tsarki!" Ta ce, "Gaskiya ka faɗa. Shi ya sa nake bin ku ɗaya ɗaya. Tashi, kunu na hucewa."

Na bi ta kamar rago. A gida na ce ta ba ni sabuwar rama in fara wata igiyar, wannan ta ɓaci. Ta ce a'a. Dokarta ke nan: wanda ya faɗi ba ya jefar da tsohuwar igiya, ba ya kuma fara sabuwa. Zai ƙulla a inda ya tsaya, ya ci gaba. Na ce ƙullin zai nuna. Ta ce, "Ya nuna mana. Shekara biyun nan ka yi su, giyar kwana huɗu ba ta shanye su ba. In kana jan guga hannunka ya jiƙe, a ƙullin za ka sami wurin riƙewa." Na ƙulla ina kuka. Kashegari ta taka har Yauri da tsufanta. Ban san me ta faɗa ba, amma matata ta dawo da magana ɗaya: wannan ne na ƙarshe, in na sake, ko Gwaggo ce ta zo a kan gwiwa ba za ta dawo ba. Na san matata, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Shi ya sa kowa ya ƙirga kwana ukun nan.

Ranar kasuwa na kai gyaɗata na sayar kafin azahar. Ina ɗaure buhu sai iska ta kawo mini warin giya daga bayan gari, warin da na yi zaton hancina ya manta. Yawu ya cika mini baki. A bakin kasuwa hanya ta rabu biyu, na tsaya a wurin riƙe da jaki, na daɗe. Zuciyata tana cewa gidan can babu kowa, murhu ya yi sanyi, wa zai tambaye ka yaya kwanakin nan? Ba zan yi ƙarya in ce ƙarfin hali ne ya juya ni ba. Jin muryarta na yi a kaina tana cewa in kai mata magariba, na ce to, ko a ƙofar gidan ne zan zauna.

Tun daga nesa na hango hayaƙi. Mai bishara ne, wanda ya ce a fasa tukwane, ya naɗe hannun riga yana juya kunu a tukunyar, duk ya yi gudaji. Mahauci na nan, tsohon gardi na nan, kowa da igiyarsa. Akwai kuma wani magidanci da ban sani ba, daga Dungu, ƙaninsa ya rako shi, ya zauna yana ɓoye hannuwansa a cikin riga.

Mai bishara ya ce mini, "Ta bar maka saƙo. Ta ce in ka zo ka buɗe tukunyar da ke kife ta dama. In ba ka zo ba, in kai maka duk inda kake."

Muka kama mu biyu muka ɗaga. A ƙarƙashinta igiya ce a naɗe, doguwa, farkonta ya yi baƙi don tsufa. Na san murɗin hannun Gwaggo, amma farkon nan kauri da siriri ne, irin na hannu mai rawa. Na bi ta da yatsa kamar yadda take bin tamu. Ƙulli ɗaya. Na ci gaba. Biyu, uku, huɗu. Bayan na huɗun sai tsawo mai yawa sumul, har zuwa bakin da ramarsa ke da sauran haske, a sake, ba a ɗaure ba. Mai bishara ya ce, "Mai dafawa ita ke fara ɗanɗanawa. Shekara talatin tana ɗanɗanawa. Na huɗun nan, shekarar da na daina shiga gidanta ne." Ya koma wajen kunu.

Duk shekarun nan tana gaya mana, mu muna cewa haba Gwaggo.

Na warware rama na miƙa wa baƙon nan. Ya fito da hannuwansa suna kaɗawa, ya ce, "Ni ban iya ba." Na ce, "Ba wanda ya zo da iyawa. Take nan da yatsanka." Sannan na zauna na take bakin igiyar Gwaggo, na ɗora daga inda ta tsaya. Mai bishara ya yi addu'a da sunan Yesu yadda take yi, ya bi mu ɗaya ɗaya, ya manta sunan matar mahauci muka tuna masa. Da la'asar ta yi ba wanda ya kore mu, muka tashi da kanmu. Kunun bai yi daɗi ba, amma mun shanye shi.

Na rubuta wannan ne don jikokinmu, kada su ji an ce wata tsohuwar mai giya ce kawai ta mutu a unguwar nan. Allah da ta dogara gare Shi Ya san abin da ta yi, Ya fi mu sanin sakamakonta. Mu dai ta bar mana tukunya da aiki.

Da magariba na isa gida. Babana yana zaune a zaurena, abin da bai saba ba, ya bi ni da ido har na shige. Matata tana bakin murhu. Ta tashi ta kama hannuna ta buɗe, ta daɗe tana duba jan da ramar ta bari. Sannan ta ɗora tafin a fuskarta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar makoki. Da ta gama ta share ido da bakin zane, ta leƙa zaure ta ce, "Baba, a kawo maka tuwon nan ne, ko za ku ci tare?"